Ba Haka Yake a Littafi Ba

Autanmu mai aski ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne, kujerar aski ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, benci, sai talabijin da ya rataye can sama kusa da fanka. Amma a layinsu in ka tambayi shagon mai aski za a ce wanne, sai ka ce shagon Ba-haka sannan a nuna maka. Sunan ya samo shi ne daga bakinsa. Ba a taɓa kunna fim a gabansa an gama lafiya ba, sai ya ɗaga injin aski daga kan mutum ya ce, "Ba haka yake a littafi ba."

Ni ce yayarsa, tela ce ni. Firamare ma da ƙyar na fita, malamai sun fi ni murna ranar. Shi kuwa tun yana ƙarami in ya ga takarda a ƙasa sai ya tsuguna. Da ya girma sai ya kamu da tsofaffin littattafan Turanci da ake shanyawa a bakin titi, irin na kumbo da taurari da mutum-mutumi mai magana. Yana da su fal a kwali ƙarƙashin bencin, duk sun sha gashi. In aka ce an yi fim ɗin wani daga ciki sai ya nemo ya kalla, ya tashi da ciwon kai. Sun cire wane, sun ƙara mace inda babu mace, sun ba mutum-mutumi bindiga alhali a littafi ko tsinke bai riƙe ba. Ya taɓa barin wani direba da rabin kai a aske, ya tsuguna neman shafi a kwali. Direban ya ce, "Malam, ni na yarda, ka ƙarasa min kaina."

Abokin gardamarsa shi ne mai kemis na kusa da shi. Shi ra'ayinsa daban. Ya ce fim ba karatu ba ne, in mai fim ya ga zai fi daɗi a canza, ya canza.

"To ka canza maganin da likita ya rubuta mana, tunda zai fi daɗi," in ji Auta.

"Ai shi magani yana kisa."

"Wannan ma kisa ne. Marubucin ya mutu, sun sake kashe shi."

"Kai dai da za ka yi aski yadda kake surutu da ka sayi kujera ta biyu."

Haka suke kullum, shekara da shekaru. Su rabu kamar ba za su sake gaisawa ba, gobe mai kemis ya zo da shayinsa ya zauna a benci.

To akwai littafi guda da ya fi kowanne a gidanmu, har muna ce masa littafin Inna. Dalili kuwa, muna da babban wa. Ya tafi neman aiki a jirgin ruwa tun Auta yana makaranta. Da farko yana aiko saƙo, daga baya shiru, har yau. Innarmu ba ta yi kuka a gabanmu ba, amma ta daina magana, kuma kullum sai ta zuba abincinsa ta rufe. A lokacin ne Auta ya fara zama kusa da ita da yamma, yana karanta littafin nan yana juya mana shi da bakinmu.

Labarin wani makanike ne da aka tura a kumbo ya gyara wata fitila can ƙarshen sama, wadda matafiya ke bi. Shi a wurinsa 'yan watanni ya yi, amma a duniya shekaru ɗaruruwa sun wuce, wai haka tafiyar take in ta yi sauri da yawa. Kada ku tambaye ni. Ya tafi da makullin gidansu a wuya. Da ya dawo sai ya tarar mutum-mutumin da ke musu aikin gida ya kwantar da uwarsa a wani akwatin sanyi, tana barci tana jiransa. Ya sa makulli ya buɗe ƙofa, aka tashe ta, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Sai yanzu? Abincinka ya huce." Ranar da aka kai wurin nan Inna ta yi dariya, ta farko tun tafiyar wan namu. Daga nan maganar ta zauna a gidanmu. Ko mijina ya makara haka nake tarbarsa.

Kwanakin baya aka yi fim ɗin littafin. Auta ya kalla a wayarsa a shago, yana shirin masifa, ya ma gyara murya. Aka gama bai ce komai ba. Mai kemis ya ce, "Lafiya? Ko batirinka ne ya ƙare?" Sai Auta ya miƙe a gaban mutanen benci ya ce wannan kam 'yan halak ne suka yi shi, ko waƙafi ba su taɓa ba, tun da yake bai taɓa ganin fim mai riƙon amana irinsa ba. Ya ciro littafin ya ba mai kemis ya ce ya je ya karanta ya gani da idonsa. Mai kemis ya karanta, ya kalla, ya dawo ya ce gaskiya ne. Ranar kyauta Auta ya yi wa mutum biyu aski.

Sai Inna ta je kemis awon hawan jini. Mai kemis, da zuciya ɗaya, ya ce, "Inna, albishir, an yi fim ɗin littafinki." Ta dawo gida ta sa aka kira Auta, ta ce a kawo mata ta ga uwar yaron nan da idonta kafin ta mutu.

Washegari ya zo shagona, ya zauna a kan yadin mutane.

"Tashi min daga kan kaya. Me ya same ka kamar wanda aka kora daga haya?"

"Yaya, akwai matsala. A fim ɗin ba ya tarar da uwar."

"To ai ga abin da kake so. Ka je ka zage su."

"A littafin ma ba ya tarar da ita."

Na tsayar da keken ɗinki. Ya ce a littafin, da makaniken ya dawo, garinsu gaba ɗaya ya zama tafki. Ba gida, ba ƙofa, ba akwatin sanyi. Ya zauna a bakin ruwa da makulli a hannu, shi ke nan. Ya ce lokacin da ya hango inda labarin ya nufa, ya dubi Inna ya dubi kwanon da ta rufe, sai bakinsa ya bi wata hanya. Kuma ya yi ta maimaitawa har shi kansa ya daina jin ƙarya ce.

"Mutum-mutumin fa?"

"Ni na sa shi."

"Abincinka ya huce?"

"Ni ne."

Wallahi ya kamata in ji haushi, amma dariya ta kama ni har da riƙe ciki. Mutumin da ya hana unguwa sakat saboda an canza launin rigar wani a fim, ashe shi gari guda ya tsamo daga ruwa. Na ce to a yanke ƙarshen mana, yaran da ke tura finafinai a waya sun iya. Ya dube ni kamar na ce a yanke masa yatsa. Ya ce fim ɗaya tak da aka yi daidai a duniya, shi ne zai sa wa almakashi? Kuma in an yanke me za a sa a wurin, ai ba a ɗauki uwar ba. Ni tsorona jinin Inna. Wannan ƙarshen shi take riƙe da shi, in aka ce mata babu shi ban san me zai rage ba.

Auta ya yi ta kwana-kwana. Yau talabijin ba lafiya, gobe fim ɗin ya goge. Inna ta gaji ta aika wa mai kemis, shi kuwa ya ɗauko tasa talabijin a ka har tsakar falonmu, ya zauna a kujera mai kyau. Auta ya raɗa min cewa ƙila a ɗauke wuta. Wutar da ba ta taɓa barina in gama riga ɗaya ba, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Aka fara. Auta na zaune a ƙasa kusa da ƙafar Inna yana fassara. Tana ta jin daɗi, ta ce makaniken ya fi yadda take zato rama, ba sa ba shi abinci ne a kumbon? Aka gyara fitila, aka juyo gida. Muryar Auta ta fara raguwa. Kumbo ya sauka. Ruwa ko'ina. Mutumin ya zauna ya ciro makulli, ya yi ta kallo, sai rubutu ya fara hawa sama.



"Ina uwar?" in ji Inna.

Auta ya yi kamar bai ji ba.

"Auta, da kai nake. Haka yake a littafi?"

Mai kemis ya gyara zama ya buɗe baki, don shi bai san Auta ya canza wa Inna ƙarshen ba, shaida kawai zai bayar. Na miƙa masa kofin shayi na haɗa da taka masa ƙafa. Auta ya dubi talabijin, irin kallon da ake yi wa wanda za a rabu da shi. Sannan ya ce, a hankali, "Ba haka yake a littafi ba, Inna."

"Na sani. Mutanen banza. Ba su kai ƙarshe ba suka kama ɗauka. Ɗauko littafin ka karanta wa baƙonmu na gaskiyar, kada ya tafi da wannan."

Littafin na aljihun mai kemis, ya zo da shi zai mayar. Auta ya karɓa ya buɗe wajen ƙarshe. Mai kemis ya leƙo ta kafaɗarsa. Ya ga idon Auta a kan shafin tafki, bakinsa kuma yana buɗe ƙofa da makulli. Ya dubi Auta, ya dubi Inna, ya dubi kwanon da ke rufe a kan tebur. Can ya ce, "Malam Ba-haka, juya shafi mana, ka daɗe a nan." Auta ya juya.

Da ya zo wurin tashin uwar, don ruɗewa sai ya ce ta rungume shi. Inna ta buga masa mafici a ka.

"Ba haka yake ba. Kallonsa ta fara yi sama da ƙasa. Kai ma ka fara irin nasu?"

Ya koma ya gyara. Da aka zo kan abincinka ya huce, tare muka faɗa, har mai kemis. Ya auna ta kafin ya tafi, jini lafiya lau.

Yanzu a shago abin ya ɗan sauya. Mutanen benci sun ji dai an ce Auta ya janye yabon da ya yi wa fim ɗin, suna ta tsokanarsa wai ko wanda aka yi daidai bai tsira ba. Bai kare kansa ba. Har yanzu yana ɗaga injin aski ya ce ba haka yake a littafi ba, don hali ne, amma mai kemis sai ya kurɓi shayi ya ce, "Wanne daga ciki?" Sai ka ga an ci gaba da aski shiru.

Ni kuwa tun ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Duk littafin nan, da kumbonsa da fitilarsa, wurin da na fi so ashe ba Bature ne ya rubuta ba, yaron da na goya ne. Na ɗinka masa sabuwar rigar aski, na ce zan sa masa Marubuci a aljihu da jan zare. Ya ce in na kuskura ba zai saka ba. Na sa a ciki, ta wajen wuya, inda shi kaɗai zai gani.