Bencin Horo

Ƙamshin zoɓo ne ya tashe ni da safiyar Lahadin nan, zoɓo da kanumfari da 'yar citta. A majami'armu ta Dutsen Kura da shi muke jibin Ubangiji a madadin ruwan inabi, kuma mamata ce ke dafawa a Lahadin farko ta kowane wata. Ni aikina in wanke ƙananan kofunan roba, in jera su a faranti mai ramuka, in zuba. Tun ina ƙarama nake son aikin. Idan hasken taga ya sauka a kan farantin, sai in ga kamar jajayen furanni ne suka buɗe lokaci ɗaya. Amma ran nan ina zubawa cikin fushi, har na ɓata farar rigata, domin na san akwai bakin da aka riga aka yanke cewa ba zai taɓa kofi ba.

Bakin wata mata ne. Antin kunu muke ce mata, saboda kunun zaƙi take sayarwa a bakin makarantar firamaren unguwarmu. Mijinta ya daɗe da rasuwa. A Zumuntar Mata, ƙungiyar matan majami'armu, ita ce mai muryar nan mai kauri da ke riƙe waƙa daga ƙasa, wadda ba ka lura da ita sai ranar da ba ta nan. Ta tafi ƙauyensu da ke bayan Kagara jana'izar yayanta, a hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare motarsu, suka shige daji da su.

Wata huɗu muna azumi kowace Laraba saboda ita. Fasto ya yi ta tuna mana labarin manzon da mala'ika ya buɗe wa ƙofar kurkuku, muna kuka, muna cewa Ubangiji, yadda ka yi a dā ka sake yi. Sai ya yi. Wata rana da damina aka aike ta ɗibar ruwa a rafi, ruwan sama ya tsuge, mai gadinta ya fake a gindin bishiya, ita kuwa ta ajiye jarka ta yi ta tafiya. Kwana uku tana tafiya. Wani mai motar gawayi ya tsince ta, ya sauke ta a Maikunkele, ƙafafunta duk sun tsage.

Lahadin da ta fara zuwa mun yi rawa har ƙura ta tashi. Kafin Lahadi ta zagayo magana ta canja.

"Mutanen nan ba sa sakin mutum haka kawai."

"Ba a biya ko sisi ba fa. Ke kin taɓa ji?"

"Aiko ta aka yi, ta gano musu gidajen masu hali."

Ban san bakin da ya fara ba. Na dai ga iyaye suna janye 'ya'yansu daga wajen robar kununta, na ga matan da suka yi mata azumi suna katse hira in ta matso. Ba zan ce tsoron ƙarya ne ba. A shekarun nan kowa a cikinsa yake kwana. Ana laluba mu a ƙofar majami'a, jakar hannu ba ta shiga, tayar babur in ta fashe a titi sai waƙa ta tsaya. Ni ma na san ɗanɗanon tsoro a bakina. Abin da ban sani ba shi ne har yana iya sa mutum ya tsani amsar addu'arsa.

Dattawan ikilisiya suka zauna a kan maganar. Babana ne sakatarensu. Suka duba littafin tsarin ikilisiya, ba su ga inda aka rubuta abin da za a yi da macen da ta kuɓuta daga daji ba. Wuri ɗaya kawai suke da shi na ajiye wanda ba a yarda da shi ba: benci na ƙarshe, kusa da ƙofa, wanda muke kira bencin horo. Nan ake zaunar da wanda aka kama da zina ko sata ko shan giya, har ya cika watanninsa. Ba ya waƙa a ƙungiya, ba ya shiga taro, kuma ranar jibin Ubangiji faranti yakan tsaya a bencin da ke gabansa ya juya. Ba a yi sanarwa ba. Wani dattijo ne kawai ya tare ta a ƙofa, ya nuna mata bencin, ya ce, "Don tsaro ne, 'yar'uwa, na ɗan lokaci ne." Ta ce to. Ta zauna. Wannan "to" ɗin har yau yana ƙona ni.

Ni ba mai ɗaga murya ba ce. A gida ana yi mini tsiya cewa sai a yi gobara ina kallon gajimare. Amma ranar Asabar, babana yana cin tuwo, na tsaya a gabansa.

"Baba, wane zunubi Anti ta yi?"

"Ba wanda ya ce ta yi zunubi."

"To me take yi a bencin masu zunubi?"

Ya ajiye lomarsa. "Ke, karatun jami'a ya cika miki kai. Rayukan mutane ne a wuyanmu. In wani abu ya faru, ke za a tambaya?"

"Wata huɗu kuna roƙon Allah ya dawo da ita. Ya dawo da ita, yanzu kuma kuna tuhumarsa don bai karɓi kuɗin fansa ba?"

"Kai!" in ji mamata daga bakin murhu. "Da babanki kike magana."

Na shige ɗaki. Na ɗauki littafin da nake rubuta waƙoƙina, ban iya rubuta komai ba, sai dai na yi ta danna biro har ya huda takarda.

Washegari, kamar da gayya, Fasto ya yi wa'azi a kan ƙaunar Allah, cewa in ta cika a zuciya tsoro ba ya samun wurin zama. Ya yi magana mai daɗi ƙwarai. Mutane suna ta cewa amin, da ƙarfi, har da ɗaga hannu. Na waiwaya na ga Anti ita kaɗai a dogon bencin nan, ta ɗora tafukanta a gwiwa kamar mai jiran a kira ta gaban alƙali. Na so in miƙe in yi ihu. Na so in kifar da farantin da na cika da hannuna. Ban yi ko ɗaya ba. Na zauna ina kallon fanka tana juyawa, ina jin haushinsu, ina jin haushin kaina fiye da nasu.

Da dattawa suka ɗauki farantai, sai Mama Zumunta ta miƙe. Ita ce shugabar mata, tsohuwa 'yar siririya mai buga tulu a waƙa, wadda bakinta ko Fasto yana shakkarsa. Wurinta benci na farko ne tun kafin a yi wa ginin rufin kwano. Ta gyara zane, ta kamo hanyar tsakiya tana jan silifa. Wani mai tsaron ƙofa ya tare ta.

"Mama, ina zuwa? Bayi ta can yake."

"Ɗana, na san hanyar bayi tun ba a haifi ubanka ba. Kauce."

Ta isa bencin horo, ta dubi Anti. "Matsa mini, ƙanwata, ai ba gadonki ba ne." Ta zauna har kafaɗarsu tana gogar juna.

Babana ne ke raba wa sashen mata. Ya bi benci benci, ya zo na kusa da ƙarshe, ya juya yadda aka saba.

"Dattijo," in ji Mama, ba ta ko rage murya ba, "ka manta da ni."

Ya sunkuyo. "Mama, ki koma wurinki in kawo miki."

"Nan ne wurina yau. Ko an sa ni horo ne ba a gaya mini ba?"

Ba shi da yadda zai yi. Ba a taɓa tsallake Mama a jibi ba, ba a kuma taɓa kai faranti wannan bencin ba. Ya miƙa mata da sauri, yana so ta ɗauka ya wuce. Ta naɗe hannuwanta.

"Fara da ta kusa da ni. Ta fi ni yunwa."

"Mama," ya ce a hankali, amma majami'ar ta yi tsit har muna ji, "ke ba kya jin tsoro?"

"Ina ji mana. Ina da jikoki a gida kamar kowa. Amma Ubangiji, mai abincin nan, ya san wanda zai ci amanarsa, bai hana shi ci ba. Kai wa ya sa ka gadin faranti?"

Babana ya waiwaya. Ya dubi Fasto, Fasto ya sunkuyar da kai kamar mai addu'a. Sannan ya sauke farantin a gaban Anti. Ba ta motsa ba, sai da Mama ta kamo wuyan hannunta. Ta ɗauki gutsuren burodi, ta ɗauki kofi da hannu biyu kamar abin da zai fashe, ta sha. Ba ta yi kuka ba. Ta dai tsaya tana kallon cikin kofin.

Mata biyu suka tashi suka koma bencin. Sai mamata, yatsunta jajaye da zoɓo. Ni ce ta kusa ƙarshe, ni mai baki a gida.

Ina so in ce daga ranar komai ya gyaru, amma ba haka aka yi ba. Iyalai biyu sun bar majami'armu. Cinikin kunu ya daɗe bai dawo ba. Anti ta koma wurinta a Zumunta yadda aka cire ta, ba sanarwa, kuma har yau ba wanda ya tsaya a gaban jama'a ya ce mata yi haƙuri. Amma ba a sake tsallake ta a jibi ba, ko sau ɗaya.

Bayan 'yan makonni Mama ta sauka daga shugabanci, ta ce gwiwoyinta sun gaji. Muka yi mata biki, muka ba ta zane da bargo, tana ta dariya tana yi mana tsiya.

Sai bayan rasuwarta, shekaru da yawa, 'yarta ta nuna mini wata takarda da ta samu a ninke cikin littafin waƙoƙinta. Dattawa ne suka tube ta, washegarin jibin nan, saboda raina tsarin ikilisiya, suka kuma roƙe ta ta ce tsufa ne don kada a ta da fitina. Rubutun hannun babana ne.