Lambar da Ba Ta Kumbura Ba

Da farkon rani ne, a shekarar da na fara ɗaukar tulu ni kaɗai zuwa rijiya, Turawa suna nan da ƙarfinsu, mutumin ya shigo garinmu da ke kusa da Danchadi a kan keke. Muna 'yar carafke a ƙofar gidan mai gari sai muka ji ƙararrawa. Farar riga gare shi har gwiwa, da gajeren wandon kaki, da akwati ɗaure a bayan keken, ga wani ƙarfe mai walƙiya ya maƙala a ƙirji. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, ya ce sunansa Malam Garba, shi malamin asibiti ne, likita Bature ya koyar da shi har ya ba shi lasin, ƙarfen nan kuwa shi ne shaida. Duk garin ba mai karanta boko, to wa zai ce a'a? Ya ce lamba ya zo yi wa yara, don an ji agana ta ɓulla wajen Shagari.

A wancan lokaci ba abin da iyaye mata suka ƙi jini kamar lamba. Ni an riga an yi mini tawa a kasuwar Bodinga, ranar da wani ɗan doka ya cafke ni ina riƙe da zanen gwaggona, ya miƙa ni ga masu lambar En'e. Dantsena ya kumbura, ya yi ruwa, na yi kwana da kwanaki ina masassara, ko daka ban iya taya Inna ba, daga baya ya bar mini tabo kamar kwabo. Shi ya sa da an ji suna tafe sai a tura yara cikin rumbu. Amma lambar Malam Garba daban take. Zai karce fata kaɗan, ya ɗiga wani farin abu, shi ke nan, ba kumburi, ba masassara. Nan da nan gari ya ɗauka, wai mutumin nan hannunsa da sanyi. Aka ba shi masauki a wani zaure, ana kai masa kaji da albasa, Fulanin ruga suna aiko da ƙwaryar nono.

Ƙanwata Kulu, 'yar shekara huɗu ko kusa da haka, ita ce ba a yi wa ba a gidanmu. Baba ya saɓa ta a kafaɗa ya kai ta, ni ina biye. Da muka dawo Inna tana surfe, sai ta ga Kulu tana lasar dantsenta. "Inna, da zaƙi," in ji ta. Inna ta ajiye taɓarya. Ta kama hannun ta juya, ta sinsina, ta ga ƙudaje suna bin wurin, ta dubi Baba ta ce, "Malam, wagga lamba ba ta kwanta min ba. Ina ka taɓa jin magani da zaƙi awa zuma?" Baba ya yi dariya ya ce, "Ke dai ba a iya miki. Ta kumbura ki yi kuka, ba ta kumbura ba ki yi tsegumi."

Inna ba mai saki magana ba ce. Tana cikin kulle, ba ta taɓa sa mutumin a ido ba, sai ta mai da ni idonta. Muna tsince wake sai ta jefo tambaya. Ya gasa tsinken a wuta kamar yadda na En'e suka yi mini? A'a, a rigarsa yake gogewa. Ina ɗan dokan da ke rako shi? Babu, shi kaɗai ne. Me ya sa ranar da duba-gari ya biyo ta garinmu aka nemi keken aka rasa, sai da yamma ya dawo? Wannan ban sani ba. Kullum da safe sai ta duba dantsen Kulu, kullum wurin ƙara shafewa yake yi, har ya zama ba alama. Abin da ya fi tsaya mata shi ne gargaɗin da ya bar wa maza kafin ya wuce: kada kowa ya yarda a sake yi wa ɗansa wata, lamba biyu ba sa haɗuwa a jiki ɗaya, in suka haɗu yaro ba ya tashi. Maza suka riƙe maganar nan da hannu biyu, don ta zo daidai da abin da ransu yake so.

Ana cikin ban ruwan albasa sai mai shela ya zaga, ya ce gobe masu lambar En'e za su zo. Inna ta roƙi Baba, ya ce ba zai kashe 'yarsa da hannunsa ba. Sai ta ja ni bayan rumbu ta ce da rana ta ɗaga in goya Kulu in fita ta ɓarakar darni in kai ta. Ko Baba ji ya yi, ko fuskarta ya karanta, oho. Ana sallame asuba Baba ya ɗora Kulu a kan jaki ya yi fadama da ita, bai dawo ba sai magariba. Ban taɓa ganin Inna ta kai bakin zaure da rana ba sai ran nan. Ta tsaya, mayafi a hannu, tana jin kukan yaran da ake yi wa lamba a ƙofar mai gari, amma ba ta iya ƙetare dokin ƙofa ba.

Da bazara agana ta iso. Gidajen da suka fi yabon hannu mai sanyi su ta fara shiga. A gidanmu Kulu ta kama. Tabarma ɗaya muke kwana da Kulu, ni nake mata fifita, ni nake ɗiga mata kunu a baki, ko ƙurji ɗaya bai fito mini ba. Ta tashi, Allah ya yi da sauran kwana, amma idanunta biyu sun yi fari. Sai daga baya wani bafatake ya ba Baba labari a kasuwar Bodinga cewa Garba yaron kuku ne a gidan wani Bature, madarar gwangwani yake ɗiga wa yara, ƙarfen ƙirjinsa kuwa kan ɗamara ne. Ba a taɓa kama shi ba, kuma wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Baba bai sake kiran Inna mai tsegumi ba. Shi ya riƙa jan Kulu zuwa makarantar allo da kansa, yana sunkuyar da kai in sun wuce mutane.

Yanzu ma'aikatan lafiya har tsakar gida suke shigowa, mata ne 'yan uwanmu, wasu maƙwabta ma rufe musu ƙofa suke yi. Ni sai na zaunar da su na tambaye su wanda ya aiko su da asibitin da suke, kana in kira jikoki. Kulu tana gefena tana ji, mun tsufa tare. Wani lokaci nakan so a ce Inna ta ga wannan zamani, da mace za ta yi tambayarta da bakinta. Na taɓa tambayar Kulu me take tunawa ta gani a duniya. Ta ce koren albasa, ranar da Baba ya kai ta fadama, har ya tsinko mata fure. Ta ce ba ta taɓa yin wuni mai daɗi kamar wannan ba.