Gahawar da Ta Kwana a Rudun Albasa

Gwaggona, yayar babanmu, tana da wani ƙunshi a ƙasan akwatinta wanda tun muna yara aka hana mu taɓawa. Ni kuwa duk abin da aka ce kar a taɓa, a kansa hannuna yake ƙaiƙayi, don haka na san abin da ke ciki tun ban gama wayo ba. Akwai ɗan tulun yumɓu mai dogon wuya, da ƙaramin kaskon ƙarfe mai mariƙi, da turmi ɗan mitsitsi na baƙin icce da taɓaryarsa ta ƙarfe, sai wasu ƴan kofuna marasa hannu. Na ɗauka kayan wasan ɗiyar wani attajiri ne. Sai da na girma na ji cewa kayan gahawa ne, daga Sudan ta zo da su, kuma rabonta da ɗora kaskon nan a wuta tun ba a haife ni ba.

Tana amarya ta bi mijinta ta ƙasa za su aikin hajji. Guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka tsaya noman auduga su tara na gaba, zama ya yi zama, har ta haifi ɗa namiji. Makka dai ba ta taɓa ganinta ba. Mijin ya rasu yaron yana ƙarami, sai ga saƙo daga gida, ƙasar Adar, cewa tsohuwarta na kwance tana ta kiran sunanta. Maƙwabtan da suka riƙe su suka ce hanyar ba ta yaro ba ce, ta bar shi, in ta dawo ta iske shi. Ta taho. Fari ya biyo baya, dabbobi suka ƙare, kowa ya koma ta cikinsa, daga baya aka sake yi mata aure a wajen Garhanga, ba ta kuma samu haihuwa ba. Da mijin na biyu ya rasu ta dawo gidanmu cikin duwatsun Buza, idonta ya fara yana, har ya zama haske da duhu kawai take rabewa.

Na daɗe ina jin haushin labarin nan a raina, ina cewa wace irin uwa ce za ta ɗauko turmi ta bar ɗa. Wata rana bakina ya suɓuce na tambaye ta. Ba ta yi fushi ba. Ta ce matar da ta bar wa yaron ce ta cusa mata kayan a cikin ƙunshi, don ta dafa wa tsohuwarta ko za ta ji ƙarfi, da sharaɗin ta mayar mata da abinta in ta koma.

Yaƙin da ya tashi a Sudan shi ya koro ɗan nata da iyalinsa zuwa Cadi. Mutanen Adar kuwa babu inda cin rani bai kai su ba. Daga bakin wannan zuwa bakin wancan, sai ga saƙon murya a wayar ƙanena. Muryar dattijo ce, Hausarsa a karye, Larabci na tsallakowa cikinta. Ya ce zai zo ya ga inda aka ce uwarsa take. Wannan “aka ce” ta tsaya wa kowa a rai.

Ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, a Madawa, sai ƙarshen mako nake leƙo gida. Gwaggo ta sa aka kira ni ɗakinta, ta laluba ta kama hannuna.

“Ɗiyata, biɗo min gahawa ɗanya, wadda wuta ba ta taɓa ba. Larabcina ya tahi, Hausatai ba ta iso ba, mi za ni ce mishi? In ya sha guda ya kihe kohi, baƙo na yaz zaka gaisuwa. In ya miƙo a ƙara, to ɗana na.”

Na ce ai wannan mai sauƙi ne, ga garin kafe nan a teburin kowane mai shayi. Na kawo mata ƴar leda guda, ta sansana, ta miƙo mini, ta ce wannan an daɗe da kashe shi. Na zaga kasuwar Madawa ban samu ba. Na aika Tawa, na aika Ƙonni, kowa sai ya nuna gari a gwangwani. Wani Buzu mai sayar da ganyen shayi ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaye ni ko shayin ne ya yi mana laifi.

Ƙanen mijina ne ya fitar da ni kunya. Direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana kai albasa Abijan, kuma ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da ya ce tuwona ya yi ruwa ba. Da na kwatanta masa abin, sai ya buga cinya, ya ce shekara da shekaru yana wuce shi shanye a bakin hanya cikin kurmi, shi a zatonsa wani irin wake ne da bai ƙosa ba. Ya yi tafiyarsa ya dawo da ɗan buhu. Bai same ni a ƙauye ba, ya danƙa wa innarmu, ya jaddada mata cewa ɗanya ce, a kula da ita.

Inna mace ce da ba ta wasa da ajiya. Lokacin bazara ne, an gama cire albasa a fadama an zuba ta a rudu, ɗan rumbun nan na kara da ake ɗagawa bisa duwatsu don iska ta ratsa ta ƙasa. A wurinmu duk abin da ake tsoron ya ruɓe can ake kai shi. Ta buɗe bakin buhun don ya sha iska, ta ɗora shi a kan albasa, ta rufe. Jarrabawa ta riƙe ni a Madawa, kuma Inna ba ta gaya wa Gwaggo ba, wai tana so ta yi mata ba-zata. Buhun ya yi makonni a ciki, cikin zafin nan da ke sa albasa gumi.

Ranar da aka ce baƙon ya baro Damagaram na iso gida. Na kwance buhun, hancina ya gaya mini komai kafin idona ya gani. Raina ya ɓaci, na fara faɗa, Inna ta riƙe haɓa.

“To ba kun ce ɗanya ta ba? Abu ɗanye ina aka aje shi, in ba inda iska ka shiga ba?”

Gaskiyarta ce, ita ta ƙara ba ni haushi. Garin neman gira aka rasa ido. Abijan kuwa ba nan kusa ba ce, ba a kuma fafe gora ranar tafiya. Na kai wa Gwaggo buhun. Ta cusa hannu ciki, ƙwayoyin suka zubo ta tsakanin yatsunta, ƴan tsirit masu tsaga a ciki, launinsu kamar na busasshiyar kuka, da tauri kamar tsakuwa. Ta daɗe tana shafa su kafin ta kai hanci. Sannan ta ce, “Albasa ta riga ɗana sha.” Ta sa na kawo ruwa da faifai.

Ta wanke su, ta murza da tafin hannu, ta sake wankewa, ta baza a rana. Da suka bushe ta zauna tsinta. Mace ce da ba ta ganin fuskar mai gaishe ta, amma yatsunta na fitar da fasasshe da wanda ƙwaro ya huda, tana wurgarwa gefe. Na ɗauki waɗanda ta yar na duba ɗaya bayan ɗaya don in kama ta da kuskure, ban samu ba. Warin ya ragu, amma bai tafi ba, kuma dukanmu mun san haka.

Baƙon ya iso da la’asar. Dogo ne, gemunsa fari, da farar jallabiya da rawani, hancinsa sak irin na babanmu. Aka yanka rago, aka dama fura, maza suka cika zaure. Da aka shigo da shi wurin Gwaggo ya durƙusa daga nesa, ya gaishe ta da ladabi irin wanda ake yi wa kowace tsohuwa, ya kira ta Hajiya. Ita da ba ta taɓa taka Makka ba, shi ne kuma ya fi kowa sanin inda ta tsaya. Ta amsa, ta tambaye shi gajiya, ya ce babu. Magana ta ƙare a nan.

Washegari da hantsi ta sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar iccen bedi, aka hura gawayi a murhun shayi, aka kira shi. Ya zauna ya harɗe ƙafa, hannuwansa a kan gwiwa, kamar mai jiran mota a tasha. Ta kwance ƙunshin nan da aka hana mu taɓawa, ta jera kayan a gabanta ba tare da ta laluba sau biyu ba.

Na sha ganin suyar gujiya da ta ridi, amma ban taɓa ganin abin da na gani a ranar nan ba, har yau kuma in na tuna tsikar jikina tashi take. Ta zuba ƙwayoyin a kasko, ta riƙe shi sama da garwashi tana kaɗawa, kanta a karkace, kunnenta a wajen wutar. Da farko warin albasa ya taso gaba ɗaya, har Inna da ke leƙe daga madafa ta ja mayafi ta rufe fuska. Gwaggo ba ta fasa kaɗawa ba. Warin ya koma na harawa, ƙwayoyin suka yi ɗorawa, suka yi ja, ta busa ƙaiƙayin da ya tashi daga jikinsu. Sai suka fara fashewa, ƙas, ƙas, kamar kara a cikin wuta. Ta ɗaga kaskon kaɗan. Ƙarar ta lafa, ni na ɗauka an gama, ita kuwa tana jira. Wata ƙarar ta biyo, siririya, mai sauri. Nan take ta janye, ƙwayoyin sun yi baƙi suna sheƙi da mansu.

Wani ƙamshi ya cika gidanmu wanda bai taɓa shigarsa ba. Tsoro ya kama ni, irin na wanda ya ga ikon Allah kusa da shi. Ƙwayar da ta tsiro a kurmin da ban taɓa gani ba, ta hau kamiyo ta ratsa ƙasashe, ta kwana kan albasarmu, ashe duk wannan yana ɓoye a cikinta. Hannun tsohuwar nan ma duk shekarun da ya yi yana daka gero bai manta komai ba. Ta miƙa kaskon yana hayaƙi wajen da take jin numfashinsa. Ya janyo hayaƙin da tafin hannu zuwa fuskarsa, da alama haka ake yi a can.

Ta juye su a ɗan turmin tare da guntun citta, ta matse shi da tafin ƙafafunta, ta fara daka. Dakan nata lugude ne: biyu a ciki, ɗaya a bakin turmi, ƙarfen na amsawa. Na ga yatsun baƙon sun fara motsi a kan gwiwarsa. Ba ta yi nisa ba hannunta ya gaji, taɓaryar ta goce, ta tsaya tana haki. Na yunƙura zan karɓa, sai ya riga ni. Ya jawo turmin, ya matse shi da ƙafafunsa, ya ci gaba daga inda ta tsaya, biyu a ciki, ɗaya a baki. Gwaggo ta sunkuyar da kai. Daga baya ta gaya mini cewa yana ƙarami shi ke riƙe mata turmin nan kowace safiya.

Ta zuba garin a ɗan tulun, ta ƙara ruwa, ta kafa shi a garwashi. Duk sa’ad da kumfa ta taso wuyansa sai ta ɗauke, da kunne take ganewa. Ta toshe bakin da zaren kaba don ya tace, ta tsiyaya a kofi har baki, ba ɗigo a ƙasa, ta miƙa masa. Ni ma aka ba ni. Ɗaci ne mai nauyi, da zafin citta, can ƙarshe kuma a bayan harshe ga albasar Adar nan zaune, ba ta je ko’ina ba.

Ya kurɓa, ya tsaya, ya yamutsa goshi. Ya dube ni ya haɗa ƴar Hausarsa ya tambayi me aka sa a ciki. Ɗan gwaggo taubashi ne, ko da furfura, don haka na ce albasa ce, mu nan har gahawa sai ta gaishe ta kafin ta shiga gida. Ban sani ba ko ya gane duka, amma ya yi ƴar dariya ta hanci, ya shanye sauran.

Ya juya kofin a hannunsa, ya daɗe yana kallon cikinsa. Sannan ya miƙa shi. Gwaggo ba ta gani ba. Tana zaune kanta a ƙasa, ta riƙe wuyan tulun da hannu biyu, tana sauraron ƙarar kofi a kan faranti. Na buɗe baki zan gaya mata, ya girgiza mini kai. Ya matso a kan gwiwoyinsa har gabanta, ya taɓa bayan hannunta da kofin.

“Yumma, ƙara,” in ji shi. Haka ƴaƴan can suke kiran uwa.

Ta ɗaga tulun, wannan karon gahawar ta zube a kan yatsunsa da farar jallabiyarsa. Bai janye kofin ba har ya cika.