Kunnen da Na Kai Gafasa

Kano zuwa Gaya

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka bar Kano, ni da Dakta Habibu, a motata. Ni dillalin injinan niƙa ne, shekara ashirin da ɗoriya ina kai su ƙauyukan Gaya da Ajingi. Masu niƙa sun san ni da abu ɗaya: in na kara kunne a jikin inji, zan faɗa maka ciwonsa ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. Habibu kuwa benci ɗaya muka zauna a firamare. Ni na tsaya a aji shida na shiga kasuwa, shi ya zarce, yanzu yana koyarwa a jami'a, yana bincike kan ƙara da yadda take cin kunnen mutane. Ya roƙe ni in raka shi wajen masu niƙa tunda ni suka sani. Na yarda da sauri, don a ganina wannan karon shi zai bi bayana.

Shida da kwata muka iso shingen jami'ai kafin gadar Wudil. Ɗayansu ya leƙo ya ga akwatin na'urori a kujerar baya. Habibu ya miƙa masa katin aikinsa.

"Au, Dakta ne? Allah ya taimaki Dakta. Direba, wuce."

Motar tawa ce, da gumina na saye ta. Habibu ya gyara zama ya ce, "Direba, a bi ramuka a hankali." Na ci gaba da tuƙi har Gaya. A tasha muka ci waina da miyar taushe ta dubu biyu, na riga shi biya.

Balan

Tara saura muka shiga Balan. Tun daga bakin gari ake jin inji na aiki, kuma ni na jawo hakan. Duk injin da na sayar, nakan sa a cire masa salansa. Mutanenmu ba sa yarda da injin da ba ya ruri, gani suke ba shi da ƙarfi. Sannan ƙarar ita ce tallar mai niƙa: mata na cikin gida su ji an tayar, su aiko da dawa da gero. Ni na koya musu wannan dabara, kuma na sayar da injina da yawa saboda ita.

Habibu ya fito da wata na'ura da ba ta fi waya girma ba, ya riƙe ta kusa da kan mai niƙan. Ya dubi lambobin, ya dube ni.

"Sabi'u, awa nawa yake yi a nan kullum?"

"Tambaye shi, ga shi nan."

Sai da ya tambaya sau uku da ƙarfi kafin mutumin ya gane. Kan ka ce wani abu jama'a sun kewaye Habibu. Kujerar roba ɗaya ce a wurin, wadda aka saba kawo mini, aka share ta aka ajiye masa. Yana sa musu abin saurare a kunne ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ji sauti ya ɗaga yatsa. Ni ina tsaye jikin mota. Mutum ɗaya ne ya zo wajena, shi ma tambaya ya yi ko Dakta zai karɓi kaza.

Da la'asar muka koma Gaya muka ɗauki hanyar Ajingi. A gidan wani abokin cinikina a Ajingi muka sauka. Aka kawo tuwon dawa miyar kuka, mai gida ya tura cinyar zabo gefen Habibu.

Gafasa

Washegari ƙarfe takwas muka isa Gafasa, wajen Baba Ɗanjuma, tsohon da na fara sayar wa inji a duk yankin. Yana ganina ya kama hannuna.

"Alhaji, gara da ka zo. Injin nan kwana biyu yana ɗaukar zafi. Saurara mini shi."

Raina ya yi fari. Wannan dai babu digirin da ke koyar da shi. Mutane suka matso, aka tayar da inji. Na kara kunnen hagu kamar yadda na saba, na zagaya, na sake karawa.

"Lafiyarsa ƙalau, Baba. Bel ne ya ɗan saki, a ɗaure shi."

Habibu yana gefe da na'urarsa. Ya ja hannun rigata muka koma bayan rumfa.

"Ba ka ji wani siririn fito ba, ta wajen da ƙarfen ke juyawa?"

"Babu wani fito."

"Akwai. Ni ina jin sa, ga shi kuma na'ura ta nuna. Ban san inji ba, kai ka sani. Me ke yin irin wannan kuka?"

Na sani sarai. Boris ne, ƙwallayen da ƙarfen ke juyawa a kansu, ya bushe, kuma in aka bar shi sati ɗaya zai ci injin gaba ɗaya.

"Je ka faɗa musu da bakinka," in ji shi. "Ni ban ce komai ba."

Na koma na sake kara kunne, ban ji komai ba sai ruri. Na ɗago na ce a kashe, a buɗe wajen boris. Aka buɗe, ga shi ya yi baƙi ya fara cinyewa. Baba Ɗanjuma ya juya wajen jama'a.

"Kun gani? Na'urar Dakta daban, kunnen Alhaji daban."

Habibu ya gyaɗa kai tare da su. Da zagina ya yi a gabansu, da ya fi mini sauƙi.

A hanyar dawowa

Mun bar gari da kamar kilomita uku na tsaya ƙarƙashin wata tsamiya, na kashe mota, na ɗaga gilasai.

"Ɗauko abin naka ka gwada ni."

Ya sa mini a kunne. Sautuka masu kauri na ji su duka. Da ya koma sirara, sai na ga yatsansa na danna na'ura, ni kuwa shiru nake ji. Kunnen hagu ya fi lalacewa. Ya ce sirara ne ke fara tafiya, shi ya sa irinmu ke jin murya amma kalmomi su cakuɗe, musamman a taro. Na tuna yadda nake faɗa a gida cewa mutanen yanzu ba sa buɗe baki in suna magana.

"Zai dawo?"

"Wanda ya tafi ya tafi, Sabi'u. Wanda ya rage za a iya tsare shi. Ka je asibiti a duba ka sosai."

"Kai naka fa?"

"Nawa lafiya lau."

Na tambaye shi kuɗin na'urar da ta nuna fiton injin, ya faɗa, bai kai na ƙaramin inji ba. Na ce ya samo mini guda. Na kuma yanke cewa daga yau duk injin da zai fita daga shagona da salansarsa zai fita, da abin toshe kunne kyauta a kai. Wanda ke son talla ya rataya ƙararrawa. Wasu za su koma wajen wani dillalin, na san da haka.

Biyar na yamma muka shigo Kano, na sauke shi a ƙofar gidansa. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa mutanen Balan da Ajingi da Gafasa da suka karɓe mu. Habibu ma na gode masa, a nan dai, don ban iya faɗa masa a fuska ba. Shekara da shekaru ina lallashin kaina cewa duk abin da yake da shi, in na ga dama zan saya. Da ya juya zai shiga gida, kunnuwansa kawai nake kallo.