Robar Waifa da Ruwan Farko

Ko na mance shekaruna, ba zan mance ranar da ruwan farko ya tare mu a dajin Birnin Gwari ba, ina rungume da ɗiyata ta fari.

Lokacin ana cikin yayin sabon kuɗi na naira, muna zaune a Dogon Dawa. Maigidana direban akori-kura ne, mutumin kirki, amma da ɗan karen tattali. Tun da rani ya sayo sabuwar robar waifa, abin nan mai share ruwa a gilashi, ya naɗe ta a tsumma ya jefa ƙasan akwatinsa a gida. Ta jikin motar kuwa rana ta gasa ta, duk ta tsattsage. In na yi magana sai ya ce, "Da sauranta. Sabuwa ai sai damina ta zauna."

Ran nan da hantsi zazzaɓi ya rufe yarinyar har ta fara sanƙarewa. Muka ɗau hanyar asibiti. Muna tsakiyar daji hadari ya haɗu, ruwa ya tsuge. Ya kunna waifa, ta yi ƙiii sau biyu, robar ta zame ta tafi, ƙarfe ya shiga kartar gilashi. Ko bakin motar ba ma gani.

Zama ya gagare ni. In taɓa goshinta, in leƙa waje, in sake taɓawa. Na ce, "Malam, ka tafi mana."

Ya ce, "In tafi ina? Gada na gaba."

Ya fita cikin ruwan, ya murje taba ya goge gilashin da ita, dabarar direbobin lokacin, wai ruwa ya riƙa sulalewa. Ba ta yi wani abin kirki ba. Ƙarshe kansa ya fitar ta taga yana tuƙi, muna rarrafe, ruwa na marinsa. Ban taɓa jin tsoro da haushi irin na ranar ba.

Sai bayan azahar muka isa. Allah ya raya ta, amma zazzaɓin ya tafi da jin kunnenta ɗaya. Malamin asibiti ya ce da mun zo da wuri, ƙila da ba haka ba.

Ban taɓa yi masa gori ba, bai kuma bukata ba. Har ya bar tuƙi, ranar da ya ga shamuwa ta sauka, ranar yake sauya robar, ko ta da ba ta yi komai ba. Abin da na koya ke nan: abin da aka tanada don ruwa, a jikin mota yake da amfani. Yau ɗiyar tana da jikoki, amma har yanzu ta gefen dama nake yi mata magana.