Sai-da-safe Ya Dawo da Rana

Sai-da-safe ake ce masa a layinsu, kuma 'ya'yansa ne suka raɗa masa, don tun tasowarsu abin da suka fi ji a bakinsa ke nan. Shekara ashirin da shida yana yankan sabulu a kamfani. Ya fita gari bai waye ba, ya dawo an wanke kwanuka, ya ci abin da aka rufe masa, ya ce sai da safe. Yara biyar suka tashi a ɗaki biyu, huɗu suka kama gabansu. Shi takalmansu ya sani a bakin ƙofa, yana ganin suna girma, suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai gwamnati ta tashi yin abin kirki, yadda takan yi jefi-jefi in ta manta kanta. Aka yi doka: ma'aikaci awa takwas zai yi, ba za a taɓa albashinsa ba, ga hutun rana guda a mako, wai iyali su ga juna, mai son ƙarin sana'a ya ƙara. Dokar kuwa ta yi wa mutane rana. Mai naɗe sabulun da ke gefensa ya kafa teburin gyaran rediyo. Matan sashen kwali suka daina barin jarirai a hannun maƙwabta har duhu.

Ranar farko ƙarfe huɗu ya tura ƙofar gidansa. Ɗakin da ya sani shiru, ya tarar da shi kasuwa. Matarsa, Mai Keke, tana kan keken ɗinkinta, mata uku a bakin gado, ta huɗu a tsaye ana auna ƙugunta, yadi jibge a kan kujerarsa. Hira ta yanke kamar an ɗauke wuta, kowacce ta laluɓi mayafi.

"Lafiya?" in ji Mai Keke. "Korarka aka yi?"

"Doka ce."

"Wace irin doka ce mai koro maza gida da rana tsaka?"

Wadda ake aunawa ta ce, "Namu ma an koro su, amma su majalisa suke wucewa. Su ci naman mutane su dawo a ƙoshe."

Shi ba shi da majalisa. Yaushe ya zauna balle ya yi abokin zama?

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta kawo masa ruwa a kofin baƙi. Ta rusuna ta gaishe shi, ta tsaya tana murza yatsu.

Ya ce, "Ya makaranta?"

"Na gama tun bara, Baba."

A bakin matan ya ji sauran zancen: nan da wata biyu Auta za ta tafi koyon aikin jinya a gari mai nisa, shekara uku. Wata biyu ke nan suka rage masa ya san ko ɗaya cikin 'ya'yan da ya haifa.

Matan suka zame ɗaya-ɗaya, wai sa dawo da safe. Ya ji yadda Mai Keke take taka keken, kuma ya san keken nan shi ne rabin tukunyar gidan. Washegari ma haka aka yi. Ya zauna a gefen katifa kamar mai jiran likita, Auta ta shige ɗaya ɗakin ta saki labule.

Rana ta uku ya sauka daga bas, ya ga benci a tasha, ya ce bari ya ɗan huta. Hutun ne ya kai shi isha. Ya shiga gida a tsohon lokacinsa, ya ci abin da aka rufe masa, ba wanda ya tambaye shi ina doka ta kwana.

Bencin ya zama nasa. Ya san wace bas ke tari, wane kwandasta ke zagi. Mai sayar da jarida ya ɗauka ɗan sandan ciki ne, ya daina surutu kusa da shi. Yana zaune yana tsara abin da zai ce wa Auta, ya gina tambaya ya rushe, ya ce gobe zai wuce gida kai tsaye. Sabo turken wawa. Gobe ta yi ta haihuwar gobe har wata biyu suka cika.

Tafiyar ta faɗo ranar hutunsa. Mai Keke ta yi kukanta a gida, shi ya ɗauki jaka zuwa tashar manyan motoci. Auta ta samu kujerar taga, ya tsaya a ƙasa yana gyara igiyar kayan da ba nasa ba.

"Ki kula da kanki."

"To, Baba." Sannan ta ce, "Kullum ina ganinka a bencin tashar bas in na je sayo wa Mama zare."

Ya ɗago. "Me ya hana ki magana?"

"Na ɗauka zama da mu ne ba ka so."

Ya buɗe baki, direba ya tada mota. Abin da ya fito shi ne, "Yaushe hutu?"

"Sai bayan wata shida."

Washegari ƙarfe huɗu ya wuce bencin bai kalle shi ba. Ya tura ƙofa, ya yi wa matan sallama, ya tsaya a kan Mai Keke.

"Yarinyar nan me take so? In an tashi yi mata aike."

"Tambaye ta mana. Wayar ta ado ce?"

Ya ciro wayar, ya duba sama ya duba ƙasa. Lambar shugaban sashe, lambar mai gyaran famfo, lambar wani da ya rasu bara.

"Ba ni lambarta."

Mai Keke ta dube shi. Ta karanto masa lambar a hankali, ƙafarta na kan keke. Ya shiga ɗakin Auta, ya zauna a katifar da aka yaye wa zani, ya kira. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Baƙuwar lamba ce, yarinyar kuwa an hore ta kada ta ɗauki kiran wanda ba ta sani ba. Ya ɗora wayar a cinya, ya jira ta ɗan huce, ya sake kira.