Nauyin Direba

Tela ake ce mata a layinsu, jikokinta ma Goggo Tela suke kiranta. Tun tana budurwa ta hau keken ɗinki irin na ƙafa, a wani ɗan shago mai kallon titi, ba ta sauka ba sai da idonta ya daina ganin kafar allura. Keken ya ciyar da 'ya'ya huɗu. Ya bar mata ƙafafu masu tauri da hannaye sirara, waɗanda ba su san nauyin da ya wuce almakashi da dutsen guga ba.

Mijinta direban babbar mota ne, ƙato, mai cin abinci kamar ana korarsa. Rabin aurensu a hanya ya yi shi. Da ya ajiye tuƙi ya dawo gida, ba su gama sabawa da zama tare ba hawan jini ya kayar da shi a bakin famfo. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta dawo, ko da yake a karkace. Ƙafa ba ta dawo ba.

Babban ɗansu ya zo daga garin da yake aiki. Ya ɗauki wani mai jinya da zai riƙa zuwa safe da yamma, sannan ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Inna, wannan na ɗan lokaci ne. Tsakar rana fa? Daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, wa zai ɗaga shi? Gara in tafi da shi wurina."

Direba yana kwance yana jinsu. Hannunsa na hagu ne kawai ya damƙi gefen katifa, Tela kuwa ta gani.

"Ka bari sai hutunka na gaba," in ji ta. "In ka zo ban iya ɗaga shi ba, ka tafi da ubanka."

Akwai likitar gashin ƙashi da ke zuwa duk mako tana motsa masa gaɓoɓi. Tela ta tare ta a tsakar gida ta gaya mata alkawarin da ta yi. Likitar ta latsa damtsenta, ta girgiza kai, ta sunkuya ta latsa cinyarta.

"Goggo, hannun nan na allura ne. Amma ƙafar, ai kin gode wa kekenki. Da ita za mu fara."

Ta sa aka kawo jarka biyu, ta zuba ruwa ɗan kaɗan a gindin kowace. Ta nuna mata yadda za ta lanƙwasa gwiwa, baya a miƙe, ta taso da su, ta mayar a hankali. Yau a ɗaga, gobe a huta. Duk mako a ƙara ruwa kaɗan. In an yi mako uku ana hawa, na huɗu a zubar da rabi, jiki ya sarara, sannan a ci gaba daga inda aka tsaya.

"Tsoka ba lokacin ɗagawa take girma ba," in ji likitar. "Sai an ajiye, an ci, an yi barci. Ki ci ƙwai da wake da kifi, ki daina shan shayi ki ce kin ƙoshi."

Tela ta ce to, amma maganar hutun ba ta shige ta ba. Ita abin da ta sani a sana'arta, in ranar karɓar kaya ta matso, ba a tashi daga kan keke sai an kai ƙarshen ɗinki. Mai hutu shi ke jin kunyar masu kaya. Don haka ta ɗaga ranar ɗagawa, ta ɗaga ranar hutu. Makon da aka ce ta zubar da rabi, ta cika jarkokin har wuya. Wata safiya ta taso da su, wani abu ya soke ta a ƙugu, ta durƙusa cikin ruwan da ya malale.

Aka shimfiɗa mata tabarma a gefen gadonsa. Suka kwanta su biyu suna kallon rufin ɗaki.

"Tela," in ji Direba, "yanzu wa zai ɗaga wa?"

"Rufe mini baki. Rabin baki ma bai hana ka surutu ba."

Kusan wata guda ya tafi a haka. Da ta miƙe, likitar ba ta yi mata faɗa ba. Ta zubar da ruwan, ta bar abin da bai kai na ranar farko ba, ta ce a sake daga nan. Wannan karon Tela ta bi. Ranakun hutu sun fi yi mata wuya. Takan zauna a bakin ƙofa hannu a cinya, maƙwabta na wucewa suna tambayarta ko lafiya. Amma ta lura duk makon da ya biyo bayan na sauƙi, jarkokin sukan taso kamar an rage musu ruwa, alhali ƙarawa ta yi. A hankali hannun rigarta ya fara matse ta, ta zauna ta farke shi ta buɗa.

Ana cikin haka mai jinya ya ce mata, "Goggo, Baba ya yi sauƙin ɗauka kwanan nan." Da yabo ya faɗa. Ita kuwa ta je ta ɗaga rigar mijinta ta dubi wandon da ta ɗinka masa da hannunta. Tafin hannunta ya shige tsakanin ƙugun wandon da cikinsa, har da saura. Ta tuna kwanonin da ke dawowa da rabin abinci, yana ce mata bakinsa ba daɗi.

"Baban yara, me kake yi?"

Ya kau da kai. Can ya ce, "Taimakonki nake. Ke ki hau, ni in sauka, mu haɗu a tsakiya."

"Wa ya roƙe ka? Na ce maka ƙashi nake so in ɗaga? Ƙafar hagun nan da kake dogarawa, in ta rame da me za ka tura? Ni kaɗai zan yi aikin kana lilo kamar wanki?"

Ta ɗauko kwanon ta zauna a gabansa har ya cinye. Likitar ta goyi bayanta, ta kuma tsara masa nasa: ya tura ƙafar hagu jikin katakon gado, shi ma yau aiki gobe hutu. Nauyinsa ya fara dawowa, aikin Tela ya ƙaru. Hutun ɗan ya zo ba ta taɓa ɗaga mijin ba sai hannun likitar na kusa.

Ɗan ya iso da mota, an kwantar da kujerar baya inda za a shimfiɗe uban. Ya gaishe su, ya tsaya daga gefe. Tela ta jawo kujera mai taya jikin gado ta danne birki. Ta ɗaura wa Direba ɗamarar da ta ɗinka da yadi mai kauri, mai hannu biyu a baya. Ta zaunar da shi a bakin gado, ta tokare gwiwarsa da tata, ta kama ɗamarar.

"In na ce tashi, ka tura. Kada ka rataye mini a wuya."

"Na ji, ranki ya daɗe."

"Tashi."

Ya rabu da katifa. A tsakiyar juyawa ƙafafunta suka yi rawa, ɗan ya miƙo hannu biyu, ta ce, "Bari," ba ta kalle shi ba. Direba ya tura da hagu, ta juya da shi, ta sauke shi cikin kujerar. Ba a miƙe ya zauna ba, amma ya zauna.

Tela ta saki ɗamarar tana mayar da numfashi.

"In bayanki ya sake kamawa fa, Inna?"

"Sai ka zo ka kwashe mu mu biyu. Amma ka bar mini mai jinyar nan ya riƙa zuwa ranakun hutuna. Kullum ba zan iya ba."

Ɗan ya daɗe yana kallon ubansa. Sannan ya fita, suka ji yana tayar da kujerar motar.

"Tela," in ji Direba, "zo ki gyara ni, na karkace."